Ranar da Babu Birki Ya Ɗaga Hannu

Akwai wani saurayi a nan wajenmu, gefen garin Fresno, sunansa Isidro Barajas. Shekararsa goma sha bakwai, siriri kamar sillen kara, amma da ya hau babur ya rufe hular kwano sai ka rantse wani mutum ne daban.

Tseren ƙananan babura yake yi a filin ƙungiyarmu da ke bayan gonakin inabi. Ni da nake ba ku labarin nan na daɗe cikin masu tsayuwa da tuta a bakin kwana ranakun Lahadi. Ba biyanmu ake yi ba, ladanmu abincin rana ne da ƙunar fuska. Saboda haka wannan labarin ganau ne, ba na jiyau ba.

Yara suna kiran Isidro da Babu Birki. Babur ɗinsa yana da birki lafiya lau, shi ne dai kamar ya yi rantsuwa ba zai taɓa shi ba. Inda kowa ke sassautawa, nan yake ƙara murɗa totur. In ya sha, ya ci tsere. In bai sha ba, mu ne za mu tsinto shi cikin ƙura yana tambayar ko babur ɗin zai tashi, tun bai duba ko ƙafarsa za ta taka ba.

Na sha yi masa faɗa har na gaji. Amma gaskiya ɗaya ce, ina son kallon yaron nan yana tuƙi.

Bara ya faɗi ya karye a kafaɗa, har sai da likitoci suka sa masa ƙarfe. Mahaifiyarsa Leonor, wadda ita kaɗai ta rene shi da aikin da take yi a kamfanin busar da inabi, ta yi jinyarsa a asibiti. Sai da suka koma gida ta ajiye masa miya a gabansa, sannan ta ja kujera ta zauna.

"Ka ga ɗan nan, ban haife ka don in riƙa zuwa karɓo ka gunduwa-gunduwa ba," in ji ta.

"Mama, tsautsayi ne."

"Tsautsayin da kullum kai kaɗai yake gane adireshinka? Saurare ni. Na ba ka shekara guda. In Mista Okamura ya ɗauke ka, to ka shiga hannun waɗanda suka san abin da suke yi, na sa maka albarka. In bai ɗauke ka ba, ka sayar da babur, mu huta. Ka yarda?"

Ya yarda. Ta sa shi ya faɗa da bakinsa, ya faɗa.

Wannan Mista Okamura wani dattijo ne mai ƙaramar ƙungiya da ke kai yara gasar ƙasa baki ɗaya. Tun farkon shekara ya sanar cewa yana da kujerar mahayi guda a ƙungiyarsa, kuma duk wanda ya fi maki a ajin ƙananan babura, tasa ce. Kowa ya san shi, magana ɗaya yake yi. Ko ɗansa na cikinsa ba zai sa ya canja ta ba.

Haka Isidro ya shiga shekarar yana sane da cewa ko dai kujerar nan, ko kuma ya rataye hular kwano.

Wanda ya tsaya masa a wuya shi ne Dalton Reimer, ɗan wani babban manomin inabi. Dalton yakan zo da tirela mai na'urar sanyi a ciki, da sababbin tayoyi, da baki mai kaifi. Kada in zalunce shi, ya iya tuƙi sosai. Matsalarsa ita ce ya san ya iya, kuma yana so kowa ya ji daga bakinsa.

Yau wannan ya ci, gobe wancan ya rama. Har aka zo tseren ƙarshe na shekara makinsu kunnen doki. Duk wanda ya riga ɗan'uwansa tsallake layi a ranar, shi ne na Mista Okamura.

Ranar Lahadin an tashi da zafi tun da hantsi. Leonor ta kafa rumfarta kusa da tsohuwar a-kori-kurarsu kamar yadda ta saba, ta ɗora kasko tana gasa wainar masara, ga wake da nama da barkono. Duk wanda ya gifta sai ta cika masa hannu. Ba ta kallon tsere, ta ce zuciyarta ba za ta ɗauka ba, shi ya sa take zuwa da kasko.

Ina tsaye ina cin rabona sai ga Dalton da ƙanwarsa Marnie, 'yar shekara goma sha huɗu, wadda a bana ta fara shiga ajin. Dalton ya leƙa babur ɗin Isidro ya yi dariya.

"Kai Babu Birki, wannan akwalar taka za ta kai ƙarshe kuwa? Tun safe nake jin tana tari."

Isidro bai ko ɗago daga tayar da yake dubawa ba. "Ka saba da tarin tun yanzu, shi za ka yi ta shaƙa har a gama."

"Ka gaishe da kwalta in kun haɗu, na san kun kwana biyu ba ku gaisa ba."

Leonor ta miƙa wa Dalton faranti tana harararsa. "Bakinka yana zagin ɗana, hannunka yana cikin kwanona. Karɓi, marar kunya."

"Misis Barajas, ai ke ban da matsala da ke," in ji shi, baki cike.

Marnie ta ce, "Ki daina ba shi, Misis Barajas. In ya ƙoshi surutunsa ƙaruwa yake yi."

Aka yi dariya. Haka filin namu yake, a zagi juna da safe, a ari sifana a wajen juna da rana.

Kafin a fara, sai an tara mahaya duka an maimaita musu ƙa'idoji. Yaran sun ji su har sun haddace, wasu hamma suke yi, wasu suna latsa waya. Amma akwai guda ɗaya da ba a taɓa tsallakewa.

Babur ɗin tsere ba shi da madubi, ba shi da fitilar birki. Duk an cire. Wanda ke bayanka ba shi da hanyar sanin za ka rage gudu sai in kai ka gaya masa. Don haka duk abin da ya same ka, kafin ka saki totur, sai ka ɗaga hannun hagu sama, ka ba na baya damar gani, sannan ka kauce daga layin da ake bi.

A ƙananan babura wannan ƙa'ida ta fi nauyi. Injinansu ƙarfi ɗaya ne, ba wanda zai tsere wa wani da ƙarfin inji. Iska ce abokiyar gaba. Na gaba shi ke fasa ta, sauran su laɓe a bayansa a jere, taya kusa da taya, kamar 'yan tsaki a bayan kaza. Inda tayar na gaba ta taka, nan ta kowa za ta taka.

Ni aka ba Kwanar Famfo, wadda muke kira haka saboda wani tsohon famfon ban ruwa da ke bayanta. Ita ce kwanar ƙarshe. Ana fito mata daga doguwar miƙaƙƙiyar hanyar baya da cikakken gudu, a kwanta dama har gwiwa ta shafi kwalta, a fita, sai layin gamawa nan kusa. Wanda ya fara fita daga Kwanar Famfo da wuya a kamo shi.

Da rana ta take aka jera su. Aka saki tuta.

Ban taɓa ganin Isidro ya yi tuƙi irin na ranar ba. Babu hauka, babu gaggawa. Su shida suka ɓalle daga sauran suka zama jerin gwano, har da Marnie a can wajen wutsiya tana manne kamar kaska. Duk zagayen da suka wuce ni, na gaba ya canja. Yanzu Dalton ne, an jima Isidro, an jima wani yaro ya kutsa su sake ture shi baya.

Wani daga cikin na baya can ya zarce ya taɓa gefen hanya, ya watso tsakuwa a kan kwalta. Muka nuna tuta, aka wuce, ba wanda ya faɗi. Ban ɗauki abin a bakin komai ba.

Aka ɗaga farar tuta, alamar zagayen ƙarshe. Ta oba-oba nake jin abokan aikina suna ba da labari daga kwana zuwa kwana. A kwanar da ke shiga hanyar baya Isidro ya shige ta ciki ya karɓe gaba. Na hango su sun miƙo, shi ne a gaba, ya kwanta a kan tanki, Dalton yana manne da shi, sauran huɗun a jere.

Kwana ɗaya ta rage tsakaninsa da duk abin da yake nema.

Abin da ya faru a cikin hular kwanonsa daga baya ya gaya mini. Ya ce ya je canja giya sai ƙafarsa ta hagu ta zame daga mataki. Ya mayar, ta sake zamewa. Ya saci kallon ƙasa, sai ya ga takalminsa yana sheƙi. Ashe tsakuwar nan ce ta fasa masa filtar mai, tsagar ta yi ta buɗewa a hankali, yanzu baƙin mai yana feshi.

Ba hayaƙi, don man bai taɓa salansa ba. Sabon juye ne kuma, garau yake kamar man gyaɗa. Ni da nake da tuta a hannu ban ga komai ba. Ba wanda ya sani a duk filin nan sai shi kaɗai.

Ga kuma abin da ya sa jarrabawar ta yi tsanani. Man ta hagu yake fita, kwanar kuwa ta dama ce. Gefen tayarsa da zai kwanta a kai a bushe yake. Yaro ne da ya san babur, nan take ya gane cewa shi kam wataƙila zai wuce lafiya. Injin ma zai iya jurewa har layi.

Amma man ba sama yake tafiya ba. Kan kwalta yake sauka, daidai inda tayoyi goma za su taka a kwance da cikakken gudu.

Ya ce mini, "Na ji wani abu a kaina yana cewa, daƙiƙa kaɗan ne, ba wanda zai ce ka sani. Kuma gaskiya ne, ba wanda zai ce na sani."

Ina kallo, tun kafin su iso wurin taka birki, sai na ga hannun hagu ya tashi sama.

Na ɗauka idona ne. Babu Birki, a gaba, a zagayen ƙarshe, da hannu a sama?

Bai saki totur nan take ba. Ya riƙe shi, hannu a sama, har sai da ya tabbata na baya sun gani. Sannan ya sauke hannun yana nuna ƙasa da yatsa, ya zame can gefen hagu, ya bar kwalta ya shiga ƙasa, ƙura ta turnuƙe.

Nuna ƙasan nan ne ya farkar da ni. Na fizgo tutar santsi, mai ratsin ja da rawaya, na shiga kaɗawa kamar mahaukaci ina ihu a oba-oba. Dalton ya shige kwanar bai ko kula ba. Sauran huɗun suka ɗan ɗago, suka shiga a tsanake. Duk suka fita a kan tayoyinsu.

Dalton ya ci tsere.

Da aka tsayar da komai na ruga wajen Isidro. Yana tsaye kusa da babur ɗin, injin ya mutu, mai yana ɗiga a ƙasa. Ya cire hular kwano ya buga ta a kan cinyarsa. Hawaye ne a fuskarsa, irin na haushi, yana share su da bayan safar hannu suna sake zubowa.

"Da na wuce, ko?" ya tambaye ni. "Faɗa mini gaskiya, Kawu. Da na wuce?"

Yaran duk Kawu suke ce mini. Na so in yi masa ƙaryar da za ta sanyaya masa rai, in ce ai da shi ma ya faɗi. Amma yaron da ya yi abin da ya yi bai cancanci ƙarya ba.

"Kai kam da wataƙila ka wuce," na ce.

Ya gyaɗa kai, ya juya mini baya. Ni ma sai na shiga gyara tutar da ba abin da ya same ta.

Can wajen rumfuna kuwa, Leonor ta kasa daurewa a zagayen ƙarshe, ta bar kasko a wuta ta zo bakin katanga. Ta ga babura sun fito daga Kwanar Famfo babu nata. Waɗanda ke kusa sun ce ba ta yi ihu ba, ta riƙe katanga kawai tana kallon inda motar asibiti take, tana jiran ta ga ta tashi.

Motar asibiti ba ta motsa ba. Motar kwaso babura ce ta shigo da shi, yana tsaye a baya da ƙafafunsa, yana riƙe da babur ɗinsa. Ta shafa kafaɗarsa, ta shafa hannuwansa, ta juya shi ta duba bayan rigar fatar da yake tsere da ita. Ko ƙwarzane babu. Ba ta tambaye shi komai ba, shi ma bai yi bayani ba.

Dalton kuwa duniya sabuwa. Ya karɓi kofi, Mista Okamura ya miƙa masa hannu a gaban kowa, ya dawo tirelarsu abokai sun kewaye shi.

"Na gaya muku akwalar ba za ta kai ba," yake cewa. "Ko kuma tsoro ne ya kama shi da ya ji numfashina a ƙeyarsa. Yau dai Babu Birki ya gano inda birki yake!"

Marnie ta fito daga tirela ko rigar fata ba ta cire ba, fuskarta ja wur. Ta ɗauko hular kwanon yayanta ta dangwara masa a ƙirji.

"Mene ne wannan a gilashinka?"

"Ƙwari ne mana. Hanyar baya kullum cike take da ƙwarin gona."

Gaskiyarsa ta wani fannin. A wannan lokaci na shekara ƙananan ƙwarin inabi sukan fashe a gilashi har mutum ya daina kula da su. Shi ya sa da ya ga ɗigo-ɗigo yana bayan Isidro, bai kawo komai a ransa ba.

Marnie ta shafa yatsa a gilashin, ta kai masa hanci.

"Shinshina. Wane ƙwaro ne yake warin inji?"

Kafin ya buɗe baki ta ci gaba.

"Kai ne a manne da shi, Dalton. Kai za ka fara faɗuwa, mu kuma mu bi ta kanka. Ni ce ta biyar. Ka taɓa ganin abin da ke samun ta biyar?" Muryarta ta karye. "Kana nan kana ta zuba kamar kanya, ko kunya ba ka ji."

Ta shige tirela ta bugo ƙofa.

Muna kan hanyar baya muna barbaɗa garin da ke tsotse mai, sai na ga Dalton yana tahowa a ƙafa, shi kaɗai, cikin ranar nan. Ya zo ya tsaya kusa da mu. Garin ya kama man, sawun ya fito fili kamar an ja shi da alli.

Ya bi sawun da ido. Sawun ya taho ɗoɗar a tsakiyar layin da kowa ke bi, sannan, ana saura kaɗan a kai wurin da ake kwantar da babur, ya lanƙwasa ya fita gefe ya ɓace cikin ƙasa. Daga nan har cikin kwanar, kwalta fes take.

Dalton ya daɗe a tsaye a daidai wurin da sawun ya lanƙwasa. Ya dubi kwanar, ya dubi shingen tayoyin da ke bayanta.

"Ya san zai iya kaiwa?" ya tambaye ni.

"Ya sani."

Ya juya ya koma. Ban taɓa ganin yaron nan ya yi tafiya mai nisa haka bakinsa a rufe ba.

Mista Okamura ya je har rumfar su Isidro. Ya cire hularsa, abin da ba ya yi wa yara, ya ce, "Na ji abin da ka yi. Kujera ɗaya gare ni, kuma na riga na yi magana."

"Na sani, Mista Okamura. Dalton ya ci ta da guminsa."

Dattijon ya dafa kafaɗarsa ya tafi. Wasu sun ji haushinsa a ranar. Ni ban ji ba. Mutumin da zai karya alkawari don ya ji tausayinka, gobe zai karya naka don ya ji tausayin wani.

Da la'asar sakaliya kowa yana haɗa kaya. Na zo taya su ɗaure mataccen babur ɗin a bayan a-kori-kura. Leonor tana kankare kasko, wanda ya ƙone ƙurmus saboda barinsa da ta yi a wuta.

Isidro ne ya fara ɗauko maganar da kansa, ba wanda ya tuna masa.

"Mama, injin ya tafi, amma sauran kayan za su sayu. Rigar fatar ma akwai wanda ya taɓa tambaya."

Ta ci gaba da kankare kaskonta.

Sai ga Dalton yana turo babur ɗinsa, wanda ya ci tsere da shi, Marnie tana biye. Mahaifinsu yana can tsaye bakin tirela ya harɗe hannu yana kallo. Dalton ya kafe babur ɗin a gaban Isidro, ya rasa inda zai sa idonsa.

"Mista Okamura yana da nasa baburan, wannan ba ni da sauran aiki da shi. Na yi magana da Baba." Ya sosa ƙeya. "Kuma abin da na faɗa ɗazu, na san an kawo maka. Bakina ne, ka san halinsa. Ka yafe ni."

Isidro ya ce, "Ba na karɓar sadaka."

"Wa ya ce sadaka ce? Aro ne. In ka kwantar mini da shi sai na cire maka ƙarfen kafaɗar nan na gyara shi da shi."

Marnie ta ce, "Ka karɓa don Allah, kafin ya dawo hayyacinsa."

Isidro ya kusa yin dariya. Ya ɗora hannu a kan tankin, na ga yadda yatsunsa suke shafa shi. Sannan ya janye hannun ya sa a aljihu.

"Na gode, Dalton. Da gaske. Amma ba ni da inda zan hau shi. Na yi wa Mama alkawari, in ban samu kujerar ba na daina. Ban samu ba."

Duk muka juya muka dubi Leonor.

Ta ajiye kaskon, ta goge hannu a jikin zanen gabanta, ta zo ta tsaya a gaban ɗanta. Da ƙyar kanta ya kai haɓarsa.

"Yarinyar nan ta zo ɗazu ta rungume ni tana kuka, har ta jiƙa mini riga," in ji ta. "Ita ta gaya mini. Kai ba za ka faɗa ba ko nan da shekara goma, na san ka."

Isidro ya sunkuyar da kai.

"Kofunan nan da ka cika mini ɗaki da su, ba ɗaya da ya taɓa sa ni barci. Kana tsammani nasara nake roƙa maka a coci? Ni abin da ke hana ni barci shi ne na haifi yaron da in ya ga abin da yake so a gabansa ba ya iya tsayawa, ko wa zai mutu, ko da shi ne. Shi ya sa na ce sai dai a hannun wani, ko a samu mai riƙe maka linzami."

Ta kama hannunsa na hagu da hannuwanta biyu.

"Yau ba wanda ya riƙe ka. Kai ka tsayar da kanka."

"Alkawarin fa, Mama?"

"Ni na ɗaura shi, ni na kwance." Ta juya ga Dalton, idanunta jawur, muryarta ta koma irin ta safe. "Kai kuma marar kunya, me kake jira? Ku ɗora shi a mota. Ku yi a hankali da tukwanena."

Isidro ya rungume ta har ƙafafunta suka bar ƙasa, tana dukan bayansa tana cewa ya sauke ta mutane suna kallo. Mu kuwa muka kama babur ɗin, ni da Dalton da Marnie, muka tura shi sama kusa da mataccen.

Na ga yara da yawa sun ci tsere a filin nan, sunayen mafi yawansu sun ɓace mini. Wanda ba zan manta ba shi ne wanda bai ma ƙarasa ba.

Darasi: Na gaba idon na baya ne. Duk inda Allah ya sa ka a gaba, a hanya ne, a gida ne, ko a wurin aiki, ka tuna akwai masu taka inda ka taka, kuma ba su ganin abin da kake gani. Nasarar da sai ka zubar da na bayanka za ka same ta ba nasara ba ce, ko da ba wanda zai taɓa sanin ka sani. Jarumi na gaske shi ne wanda ya iya tsayawa lokacin da wucewa ta fi masa riba, kuma alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Ku tura wannan labari ga duk wani matashi mai zafin kai da kuke ƙauna, musamman masu hawa babur.